Kuɗin Korona: bashin da aka zata kyauta ce

Duk lokacin da wani ya wayi gari ya ga an zare masa kuɗi daga asusu da sunan NIRSAL, gardama ɗaya ce ke tashi a majalisa: ba tallafin Korona ba ne? Yaushe tallafi ya koma bashi? Amsar ba daɗin ji, amma bai taɓa zama kyauta ba.

A watan Maris na 2020, Babban Bankin Najeriya ya ware naira biliyan 50 domin magidanta da ƙananan 'yan kasuwa da annobar ta durƙusar, ya ɗora wa bankin NIRSAL nauyin rabawa. A lokacin, magidanci na iya neman har naira miliyan 3, mai ƙaramar masana'anta har miliyan 25. Kuɗin ruwa kashi 5 cikin ɗari ne, da sharaɗin zai koma kashi 9 daga baya. Duk wannan a rubuce yake.

To daga ina ruɗanin ya samo asali? A shekarar, gwamnati ta yi rabon da yake kyauta ce ta gaske. Ma'aikatar Jinƙai ta bai wa iyalan da ke rajistar matalauta naira dubu 20, an kuma bai wa masu sana'ar hannu da direbobi naira dubu 30 a wani shirin. A bakin jama'a duka sunansu ɗaya, tallafi. Da yawa ma ba su suka cike takardun neman bashin ba. Dillalai ne suka cike musu a shagunan intanet, suka yanki kasonsu, ba wanda ya karanta wa mai nema sharuɗɗan da Hausa.

Abin da ke zare kuɗin kuwa tsari ne da Babban Bankin ya fara aiki da shi ranar 1 ga Agustan 2020. Yana bai wa bankin da ke bin mutum bashi damar bin lambarsa ta BVN ya ɗebo daga duk asusun da yake da shi, ko a wane banki ne. Tamkar wanda ya ci bashin hatsi ne ya miƙa wa mai shi makullan dukkan rumbunansa. Sauya banki ba ya tserar da kowa.

Wanda ya ci bashi wajibi ne ya biya, wannan ba ya buƙatar muhawara. Sai dai hukuma ma ba ta wanku ba. An rufe Kano a watan Afrilun 2020, kasuwanni a garƙame, ɗan adaidaita sahu da mai shayi suna zaune a gida. Wanda ya samu kuɗi a irin wannan hali shinkafa da magani zai saya, ba jari zai ƙara ba. An ba mai yunwa bashin kasuwanci, ba a kuma zauna an rarrabe masa wanne ne kyauta, wanne ne rance ba. Bayanin da ya kamata a yi ta rediyo a 2020, da yawa sai a saƙon cire kuɗi suka fara ganinsa.