Me Ya Sa Gwangwanin Maganin Sauro Yake Fashewa a Wuta?

Mun sha karɓar yara da ƙuna a fuska da hannu, kuma labarin kusan ɗaya ne. An share gida, an cinna wa shara wuta, ashe akwai tsohon gwangwanin maganin sauro na fesawa a ciki. Yaro yana tsaye kusa, sai gwangwanin ya tashi kamar bindiga. Uwa takan ce mini, "Ai ya ƙare, babu kome a ciki." Maganin ne ya ƙare, amma akwai sauran iska a kulle.

Ba a ganin iska, amma tana tura bangon duk abin da aka kulle ta a ciki. Wannan turin shi ake kira matsi. Ku sami sirinji sabo marar allura, ku ja shi, ku toshe bakinsa da yatsa, ku danna. Za ku ji yana ƙin tafiya. Idan kun rage wa iskar wuri zuwa rabi, matsinta ya ninka biyu. Wani masani, Robert Boyle, ya bayyana wannan a Ingila a 1662. Haka ma muke numfashi: ƙirji ya buɗe, wuri ya ƙaru, matsin ciki ya ragu, sai iskar waje ta shiga huhu.

Zafi kuwa yana sa iska ta nemi ƙarin wuri. Idan tana cikin abu mai miƙewa, kamar balan-balan, sai ya kumbura. Amma ƙarfe ba ya miƙewa, saboda haka matsin ne yake hawa. Masu babur sun san wannan: tayar da aka cika tam da safe takan fashe da azahar a kan kwalta.

Tukunyar iskar oksijin da muke sa wa marasa lafiya, akan cika ta da matsin da ya ninka na iskar waje wajen sau 150. Shi ya sa tukunya mai cin lita 10 take ba da iska kusan lita 1,500. Idan zafinta ya tashi daga digiri 20 zuwa 50, matsin yakan ƙaru da kashi ɗaya cikin goma. Domin haka muke ajiye su a inuwa, a ɗaure, kuma nake yi wa masu jinya faɗa idan suka kunna sigari kusa, gama oksijin yana rura wuta ƙwarai.

A gida, kada ku bar tukunyar gas ta girki a rana ko kusa da murhu. Masu ciwon asma, abin shaƙarku ma ƙaramin gwangwani ne mai matsi. Kada a bar shi cikin mota a rufe. Gwangwanin fesawa da ya ƙare, kada a huda shi, kada a ƙone shi, kada a ba yara su yi wasa da shi. A ware shi daga sharar da za a sa wa wuta.