Rukuni (Wikipedia)

Rukuni wani shafi ne na musamman a Wikipedia da ke tattara muƙaloli masu alaƙa da juna a wuri guda, domin mai karatu ya same su cikin sauƙi. An shigar da tsarin rukunoni cikin manhajar MediaWiki a shekarar 2004.

Yadda yake aiki

Edita yana sanya muƙala cikin rukuni ta hanyar rubuta sunan rukunin a ƙarshen shafin, misali [[Rukuni:Marubutan Hausa]]. Daga nan manhajar za ta jera muƙalar a shafin rukunin da kanta. Kowane shafi yana nuna muƙaloli 200 a lokaci guda. Idan ba a ƙirƙiri shafin rukunin ba tukuna, sunansa yana fitowa da jan launi.

Tsari

Rukunoni suna shiga cikin juna, daga babba zuwa ƙarami. Harshen Hausa yana ƙarƙashin harsunan Chadi, su kuma suna ƙarƙashin dangin harsunan Afro-Asiya. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce a sanya muƙala cikin rukunin da ya fi kusa da ita, domin kada manyan rukunoni su cika maƙil su rasa amfani. Muƙala ɗaya tana iya shiga rukunoni da dama. Ta Abubakar Imam, alal misali, ta dace da rukunin marubuta, da na 'yan jarida, da na waɗanda aka haifa a 1911. Ana zaɓen rukuni ne bisa abin da aka san mutum da shi, kuma dole bayanin ya kasance cikin muƙalar.

Matsaloli

Da yake mutane da yawa ne ke gyara, sau da yawa akan sami rukuni biyu kan abu ɗaya. Manhajar tana ɗaukar "Mawaƙa" da "Mawaka" a matsayin sunaye daban, saboda ƙ da k haruffa ne mabambanta. Haka nan tilo da jam'i, kamar "Gari" da "Garuruwa". Sakamakon haka muƙaloli suna rarrabuwa, mai bincike ya ga rabi ya rasa rabi. Maganinsa shi ne editoci su amince da suna ɗaya, galibi jam'i mai bin daidaitacciyar Hausa, sannan a mayar da muƙalolin cikinsa. Ana kuma guje wa zagaye, wato rukuni ya koma ƙarƙashin ƙaramin rukuninsa.