Hatimi Mai Gida Tara da Lissafin Jami'a

Yaron da ya taso a Taloka ko Wurno ko Rabah da wuya bai taɓa ganin hatimi a allon malami ba: murabba'i mai gida tara, uku a tsaye, uku a kwance. In Allah ya kai shi sashen lissafi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, zanen nan na iya dawo masa a matsayin tambaya: jera 1 zuwa 9 yadda kowane layi, na tsaye da na kwance da na kusurwa zuwa kusurwa, zai ba da jimla ɗaya.

Mai gaggawa sai ya hau canke. Allah ya ba shi haƙuri, domin hanyoyin jera lambobin 362,880 ne, takwas kacal ke dacewa, su ma hatimi guda ne aka jujjuya. Mai natsuwa kuwa zai fara tara 1 zuwa 9, ya sami 45, ya raba wa layuka uku: kowanne 15. Sai ya lura layuka huɗu ne ke ratsa gidan tsakiya, jimlarsu 60. Layukan nan sun taɓa kowane gida sau ɗaya, ban da na tsakiya da suka taɓa sau huɗu. Rarar 15 da ke tsakanin 45 da 60 ke nan ninki uku ce ta lambar tsakiya, dole ta zama 5. Aljabara ta yi aikinta ba a gwada ko jeri ɗaya ba. Haka 9 ba ta zama a kusurwa, don layuka uku ke bi ta can, ita ko abokan cika 15 biyu gare ta: 5 da 1, ko 4 da 2.

Da an ƙara gidaje, abin ya gagari hannu. Mai gida 16 iri 880 ne. Mai gida 25 sai da kwamfuta ta ƙirga shi a 1973, aka sami 275,305,224. Fannin ƙirga jere-jere da zaɓe-zaɓe a jami'a an gina shi ne don sanin adadi irin 362,880 na farko ba tare da an bi ɗai-ɗai ba. Gina hatimi ba baƙon ilimi ba ne a ƙasar Hausa. Muhammadu ɗan Muhammadu Alkatsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a 1732 kan ƙa'idojin gina hatimai masu layukan mara.

A ganina, abin da ke kayar da ɗalibai da yawa shi ne haddar amsoshin jarrabawar bara. Malami na sauya lamba ɗaya, hadda ta watse. Wanda ya gane dalilin zaman 5 a tsakiya, ko an ce ya jera 2 zuwa 10, nan take zai ce 6, layi kuma 18.

Kalkulas ma gidan jiya ne. Madatsar ruwan Goronyo, da aka kammala a 1984 a kan gulbin Rima, an gina ta ne ta riƙe ruwa kubik mita miliyan 942. In aka buɗe ƙofa ɗaya da rani don masu noman albasa da shinkafa, ruwan ba ya fita da gudu ɗaya. Yana ja baya, ƙarfinsa na raguwa. Don haka ba a ninka abin da ya fita yau sau talatin a ce an san na wata. Sai an yayyanka lokacin ƙanana-ƙanana, a auna na kowane yanki, a tara; aikin kalkulas ke nan.