Neman Gurbin Karatun Likitan Haƙori Bayan Maki Ya Lalace

 

Yau wata wasiƙa ce ta ba mu abin tattaunawa. Wata Hajiya ce ta rubuto, ta kuma roƙi a sakaya sunanta. 'Yarta tana karatun digiri a wata jami'a a Amurka, kuma tun tana ƙarama ba ta da buri sai na zama likitar haƙori. To shekara biyun farko abin bai zo da daɗi ba. Ga baƙunta, ga sanyi, ga aikin da take yi a ɗakin cin abinci na makaranta don rage wa iyaye nauyi, ana cikin haka kuma kakarta da ta raine ta ta rasu. Ta faɗi kemistiri, fiziks ma da ƙyar ta sha. Yanzu maigidan ya ce kuɗi kawai ake zubarwa, ta tattaro ta dawo gida. Shi ne Hajiya take tambaya, shin ƙofa ta rufe ke nan?

Hajiya, ƙofa ba ta rufe ba, amma fa ta yi nauyi, sai an sa ƙarfi. Bari in fara da bayanin tsarin, don ya sha bamban da namu. A Nijeriya yarinya daga sakandare take rubuta JAMB ta shiga karatun haƙori kai tsaye, ta yi shekara 6, kamar a Jami'ar Bayero ko ta Maiduguri ko ta Ibadan. A Amurka kuwa sai an yi digirin farko na shekara 4 tukuna, sannan a nemi makarantar haƙori, a sake yin wasu shekara 4 a mafi yawansu. Makarantun sun haura 70, kuma galibinsu ta wata kafa guda ake aika musu da takardar nema, wadda ake kira AADSAS. Kin ga ke nan duk abin da yarinya ta yi a digirin farko, shi ne za a baje a kan tebur.

Abu na farko da nake so ƙanwata ta sani, makin da aka faɗi ba ya goguwa. Wasu jami'o'in in ɗalibi ya maimaita darasi sukan maye tsohon maki da sabo a lissafinsu. Ita wannan kafa ba ruwanta da wannan, tsoho da sabo duk haɗawa take yi ta fitar da matsakaici. Sannan takan ware makin bayoloji da kemistiri da fiziks ta yi musu lissafi daban. Maki mafi girma shi ne 4.0, kuma matsakaicin waɗanda ake ɗauka a 'yan shekarun nan ya haura 3.5.

To bari mu yi lissafin kasuwa. A ce a shekara biyun farko ta ɗauki kiredit 60 ta tashi da 2.5. In ta dage a shekara biyun ƙarshe ta samu 3.8 a wasu kiredit 60, jimillarta za ta tsaya a 3.15. In ta ƙara shekara guda ta ɗauki kiredit 30 da irin wannan ƙoƙari, za ta kai 3.28. Kun ji yadda abin yake hawa a hankali, kamar cika randa da ludayi. Na kawo wannan ne don kada wani ya ruɗe ta da cewa zango ɗaya zai share komai.

Sai dai masu tantancewa ba jimillar kaɗai suke kallo ba. Sukan bi takardar sakamako shekara bayan shekara su ga ina aka dosa. Yarinyar da ta fara da rauni ta ƙare da ƙarfi, a darussa masu wuya, ta fi kwantar musu da hankali a kan wadda ta fara da kyau ta riƙa gangarowa. Tambayar da ke ransu guda ce: in mun ɗauke ta, za ta iya ɗaukar nauyin karatunmu? Amsar kuwa tana cikin makin baya-bayan nan. Don haka aikin da ke gaban ƙanwata shi ne ta tara sabuwar shaida mai yawa, har ta rinjayi tsohuwar.

Kafin a kai nan, sai an gano mene ne ya kayar da ita. Wannan fa shi ne matakin da aka fi tsallakewa. In aiki ne ya cinye lokacin karatu, a rage awoyin aikin. In baƙin cikin rashi ne ya danne ta, jami'o'in can suna da ofishin masu ba da shawara, ta je, ba abin kunya ba ne. In salon karatun ne, wato hadda irin ta sakandare, ta sani kemistiri ba ya jin hadda, sai an zauna ana warware tambayoyi kullum, ana zuwa ofishin malami a lokutan da ya ware wa ɗalibai. Wadda ta koma aji ba ta sauya komai ba, faɗuwa ta biyu take nema, kuma ta biyun ta fi ta farko ciwo a takarda.

Daga nan sai gyara. Akwai darussan da kusan kowace makarantar haƙori take wajabtawa: bayoloji, kemistiri na gama-gari, oganik kemistiri, fiziks, duk da aikin ɗakin gwaje-gwajensu, da Turanci, da yawa kuma sun ƙara da bayokemistiri. Galibi ba sa karɓar abin da ya gaza C. Duk wanda ta samu ƙasa da haka sai ta maimaita. Wanda ta samu C kuwa, sau da yawa ya fi mata ta ɗauki na gaba da shi mai wuya, kamar ilmin sassan jiki ko na ƙwayoyin cuta, ta ci A, da ta tsaya maimaita tsohon.

In ta gama digiri makin bai kai ba, hanya biyu ce. Ko ta ƙara shekara guda ko biyu tana ɗaukar darussan kimiyya na matakin digirin farko, waɗanda za su shiga lissafin makinta su ɗaga shi. Ko ta yi digiri na biyu na musamman a kimiyyar lafiya, irin wanda wasu jami'o'i suka tsara don masu neman shiga likitanci. Shi wannan ana lissafa makinsa daban, yana da tsada, kuma wuƙa ce mai baki biyu: in ta yi fice ya buɗe mata ƙofa, in ta yi rauni ya tabbatar da zargin da ake yi mata. Kada ta shige shi sai ta tabbata ta shirya.

Sai jarrabawar shiga, wadda ake kira DAT. Ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka ce take shirya ta, a kwamfuta ake yi, tana cin kusan awa biyar. Tambaya 280 ce: 100 a kimiyya, 90 a gwajin ido da hangen siffofi, 50 a fahimtar karatu, 40 a lissafi. Shi gwajin idon, za a nuna miki takarda an ninke an huda, a ce ina ramukan za su fito in an buɗe, ko a jera kusurwoyi a ce wacce ta fi tsukewa. Da ana ba da maki daga 1 zuwa 30, amma tun watan Maris na 2025 aka koma 200 zuwa 600. Ga mai raunin maki, wannan jarrabawa babbar dama ce, don ma'auni ɗaya ne ga kowa, ko daga wace jami'a ya fito. Amma kada ta shiga don gwada sa'a. In ba ta yi kyau ba sai an jira kwana 60 kafin a sake, kuma makarantu suna ganin zaman da aka yi a baya. Ta ware watanni, ta yi ta gwaji a gida da agogo a gabanta, sai ta ga makin gwajin ya zauna sannan ta yi rajista. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Bayan takarda akwai aikin ido da hannu. Makarantu suna so mai nema ta zauna a asibitin likitan haƙori ta ga yadda ake ciko da cirewa da wanki, da yadda ake lallashin mai jin tsoro. Da yawa suna neman wajen awa 100. Suna kuma son ganin aikin sa kai, musamman a wuraren da ake duba marasa ƙarfi, da shaidar cewa hannunta ya iya aiki mai laushi. A nan 'ya'yanmu suna da abin faɗa. Zanen lalle, ɗinki, saƙa, kitso, duk aikin yatsu ne, kada ta raina su ta ƙi rubutawa.

Wasiƙun shaida kuma, daga malaman kimiyya da likitan da ta zauna a wurinsa ake so. Wasiƙar da za ta fi yi mata amfani ita ce ta malamin da ya ga faɗuwarta ya kuma ga tashinta. A takardar bayanin kai, wadda ba ta wuce harafi 4,500, kada ta ɓoye abin da ya faru, kada kuma ta mayar da ita wurin kuka ko ɗora wa malamai laifi. Ta faɗi abin da ya same ta a taƙaice, ta ɗauki nata laifin, ta nuna abin da ta sauya, ta bar sakamakon ya yi sauran maganar.

Lokaci ma yana da nasa. A farkon watan Yuni ake fara miƙa takardu, makarantu da yawa kuma sahu-sahu suke dubawa, wanda ya riga shi ake fara kira ganawa, sannan daga tsakiyar Disamba a fara ba da gurbi. Mai raunin maki ba ta da halin yin latti. Ta kuma zaɓi makarantu da hankali, don na gwamnatin jiha sun fi fifita 'yan jiharsu.

Hajiya, ga wata gaskiya da ba zan ɓoye miki ba. Karatun nan yana da tsada ƙwarai. In 'yarki ba 'yar ƙasa ba ce, ba ta kuma da katin zama na dindindin, ba kowace makaranta ce za ta karɓe ta ba, kuma ba ta cikin masu samun bashin karatu na gwamnatin tarayya. Wannan a zauna a yi lissafinsa tun yanzu, da ke da Alhaji da ita.

Ƙanwata, in kina ji na, akwai wata mata mai suna Lucy Hobbs. A 1861 kwalejin haƙori ta Ohio ta ƙi ɗaukarta saboda mace ce. Ta koyi aikin a hannun likita, ta je jihar Iowa ta yi shekaru tana yi, har dai kwalejin da ta kore ta ta karɓe ta, ta zama mace ta farko da ta samu digirin likitan haƙori a Amurka a 1866. Matsalarta daban da taki, amma maganin iri ɗaya ne, aiki ta tara har aka rasa hujjar hana ta. Yau ga shi mata sun fi rabin masu shiga makarantun haƙori a ƙasar.

Mu kuma iyaye, yarinyar da ta faɗi ta riga ta hukunta kanta fiye da yadda za mu hukunta ta. Gori a waya, da kwatanta ta da 'yar wance, ba abin da yake ƙarawa sai ɓoye-ɓoye. Shawarata, Hajiya, ki samu Alhaji cikin natsuwa ki roƙa mata shekara guda, da sharaɗi a fili: ta rage aiki, ta nemi taimako, ta riƙa turo sakamakon kowane zango. In maki ya tashi, a ci gaba. In an yi iya yi bai tashi ba, akwai sauran fannonin lafiya masu daraja, kuma ba a ce ta gaza a rayuwa ba. Sannu ba ta hana zuwa, in ji Hausawa, sai dai a daɗe ba a je ba.

A nan za mu dasa aya. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba su ilmi mai amfani. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a huta lafiya.