Yinin Farko a Duwala: Daga New Bell Zuwa Bakin Kogi

Bahaushen da ya sauka a Duwala ba ya shan wahalar neman masauki. Ko daga filin jirgin sama ya fito, ko daga tashar jirgin ƙasa ta Bessengue bayan doguwar tafiya daga Ngaundare ta Yawunde, da zarar ya ce wa mai tasi New Bell, unguwar Hausawa, magana ta ƙare. Can zai tarar da kiran salla, da mai shayi, da hayaƙin tsire idan la'asar ta yi. Wannan sauƙin ne kuma yake cutar da mutanenmu. Sai mutum ya yi mako biyu tsakanin masauki da masallaci da kasuwa, ya koma Kano ko Maraɗi, a tambaye shi yaya Duwala, ba abin da zai iya faɗa sai farashin kaya da yawan ruwan sama. Alhali yini ɗaya ya isa ya ga garin, in an tsara shi da kyau.

Ita kanta unguwar da ya sauka tana da labarin da ya kamata ya sani. A 1884 sarakunan Duwala, Bell da Akwa, suka sa hannu a yarjejeniya da Jamusawa. Wajen 1910 sai Jamusawan suka ƙudiri aniyar kwashe masu gari daga bakin kogin Wouri, su mayar da wurin unguwar Turawa zalla, a tura 'yan ƙasa can baya, a bar fili mai faɗin kilomita 1 a tsakani, wai don kare lafiyar Turawa. Ɗaya daga cikin sababbin matsugunan ita ce New Bell. Sarki Rudolf Duala Manga Bell, wanda a Jamus ya yi karatu, ya ce bai yarda ba, ya kai koke har majalisar dokokin Jamus. Ranar 8 ga Agusta 1914 suka rataye shi tare da sakatarensa Ngosso Din, bisa tuhumar cin amanar ƙasa. Ba a cika wata biyu ba sojojin Ingila da Faransa suka ƙwace garin daga hannunsu.

Yawancin 'yan Duwala ba su yarda sun tare a New Bell ba, don haka a zamanin Faransawa ta zama unguwar baƙi: Bassa, Bamileke, Ewondo, Hausawa, da mutanen Afirka ta Yamma iri-iri, kowa da ɓangarensa. Hausawa kuwa tun zamanin Jamusawa fatauci ya gangaro da su kudu daga Adamawa, suna bin hauren giwa da goro da danƙon roba. Unguwar ta ga tashin hankali ba kaɗan ba: boren watan Mayu na 1955 lokacin fafutukar jam'iyyar UPC, da gobarar da ta cinye unguwar Kongo a Afrilun 1960. A nan ne babban gidan yarin Duwala yake, a nan ne kuma Samuel Eto'o ya taso yana buga ƙwallo a lungu.

Wanda ya san wannan, zai fahimci abin da idonsa ke nuna masa idan ya fita da safe ya nufi Bonanjo. Tafiyar ba ta da nisa, amma sai ka ga lunguna da kwatoci sun ƙare, tituna sun buɗe, ga itatuwa, ga ofisoshin gwamnati. Wurin da aka kori mutane daga gare shi ke nan. A can akwai gidan da ake kira La Pagode, wanda aka gina a 1905 don Sarki Auguste Manga Ndumbe, mahaifin Rudolf. Dab da shi akwai cibiyar zane-zane ta doual'art, wadda jikanyar gidan, Marilyn Douala Manga Bell, ta kafa tare da mijinta a 1991. Daga nan a bi ta Akwa, tsakiyar hada-hadar kasuwanci, a wuce shataletalen Deido, inda gunkin La Nouvelle Liberté yake tsaye, tsayinsa mita 12, wanda Joseph-Francis Sumégné ya haɗa da tarkacen ƙarafa a 1996. Wasu na ganinsa abin alfahari, wasu na cewa bola ce aka tsayar. Ni dai ina ganin ya fi kowane gini kama da garin. Gaba kaɗan gadar Wouri ce mai ƙetarawa Bonaberi. A kula: ɗaukar hoton tashar jiragen ruwa, ko barikin soja, ko gidan gwamnati, yana iya jawo wa baƙo tambayoyin da za su cinye masa sauran yinin.

To, sai maganar mutane, wadda ta fi ta gine-gine muhimmanci. A kudancin Kamaru duk Musulmin da ya fito daga arewa Bahaushe ake ce masa, ko Bafulatani ne daga Garwa, ko Babarbare, ko Shuwa, ko ɗan Kotoko. Saboda haka kada ka ɗauka duk mai hula da doguwar riga yana jin Hausa; sau da yawa Fulatanci ne ke tafiyar da ciniki, sai Faransanci da Turancin buroka. A teburin mai shayi guda za ka iya zama da direban babbar mota mai jiran lodi zuwa Njamena ko Bangi, domin Cadi da Afirka ta Tsakiya ba su da teku, ta Duwala yawancin kayansu ke shiga. Ga dillalin shanu, ga ɗan Nijar mai tireda, ga tela ɗan Mali ko Senegal daga kasuwar Kongo. Hira da irin waɗannan ta fi kowane littafin jagora amfani. Su suka san wace hanya ta lalace, da nawa ake biyan tasi, da inda ake cin ndole, miyar shuwaka da gyaɗa ta mutanen Duwala, ba tare da shakkar naman da ke ciki ba.

Amma fa a rarrabe tsakanin abokin hira da amintacce. Tsohon tsarin zango bai ginu a kan haɗuwar hanya ba. A kan mai masauki ya ginu, mutumin da ke da gida da suna a unguwa, wanda idan an cuci baƙonsa shi za a tuhuma. Da ɗan gari akan ci gari, ba da wanda ya riga ka sauka da kwana biyu ba. Wanda kuka haɗu a mota, ku haɗa kuɗin tasi, ku ci abinci kwano ɗaya, ku yi yawon ganin gari tare, duk ba laifi. Amma fasfo da kuɗi su zauna a jikinka ko wajen mai masaukinka, kuma kada ka karɓi ƙullin saƙon da ba ka ga cikinsa ba. In ba ka san kowa ba, fara da limamin masallaci ko mai unguwa.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma su ke ɓata yini. Kamaru ba ta cikin ECOWAS, don haka a riƙe fasfo da katin rigakafin shawara duk inda za a je. Sefar Nijar da ta Kamaru darajarsu ɗaya, amma takardun ba ɗaya ba ne, sai an canza. 'Yan acaɓa, da ake kira bendskin, sun fi tasi sauri, sun kuma fi shi haɗari. A yi ciniki kafin a hau. A dawo masauki kafin magariba. Ruwan da ke sauka a Duwala cikin shekara ya kusa ninka na Kano sau huɗu, kuma a Yuli da Agusta lungunan New Bell kan cika da ruwa. Mai ikon zaɓen lokacin tafiyarsa ya zo a farkon Disamba: damina ta ja baya, kuma a lokacin ne mutanen Duwala ke bikin Ngondo da tseren kwalekwale a bakin Wouri.