Majami'un Abuja Sun Cika Maƙil, Amma Ina Batun Girman Masu Bi?

Duk wanda ya bi hanyar filin jirgin sama ta Abuja da sanyin safiyar Lahadi, ko kuwa ya tsaya a bakin titin da ya taso daga Mararaba ya ratsa Nyanya, ba sai an gaya masa yau ranar sujada ce ba. Motoci cike da mutane, mata sun sha anko, yara na rungume da littattafai, 'yan sanda kuwa na ta fama da cunkoso. A nan kan hanyar filin jirgin ne majami'ar Dunamis ta buɗe katafaren ɗakin sujadarta a watan Nuwamba na 2018, wanda aka gina domin ya ɗauki mutum 100,000 a zama guda.

Amma fa akwai wata tambaya da ta daɗe tana damun malaman addinin Kirista su da kansu. Yawan masu zuwa sujada dai ya ƙaru, wannan ba musu. To, shin zurfin bangaskiyarsu da kyawun halinsu sun ƙaru daidai da yawan nasu? Bahaushe ya ce ba girin-girin ba, ta yi mai. Wannan tambaya kuwa ba ta Kirista kaɗai ba ce, gama mutumin da ya fito daga majami'a ran Lahadi shi ne zai zauna a ofis ran Litinin da takardunka a gabansa.

Asalin Lamarin

Addinin Kirista ya riga birnin Abuja zuwa wannan yanki. 'Yan mishan na ƙungiyar SIM, wadda ta fara ƙoƙarin shigowa ƙasar nan a 1893, sun kafa tasha a Karu cikin ƙasar Gbagyi wajen 1910. Daga aikin wannan ƙungiya ne aka sami ikkilisiyar ECWA a 1954. A wancan zamani masu bi kaɗan ne, kowa ya san kowa, kuma ba a yi wa mutum baftisma sai ya daɗe a aji, an ga kamun ludayinsa. Da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, sai ya zama littafin koyon addini, kuma littafin koyon karatu ga ƙabilu masu yawa na Arewa.

Al'amura sun sake sa'ad da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta yanke shawarar kafa sabon babban birni a watan Fabrairu na 1976, aka kuma yi ƙaura daga Legas ran 12 ga Disamba, 1991. Ma'aikata da 'yan kasuwa da leburori suka yi ta kwararowa, kowa da irin ɗariƙarsa. 'Yan Katolika sun kafa ikkilisiyar Abuja a 1981 a ƙarƙashin Kadinal Dominic Ekandem, ta zama ta babban bishof a 1994 a hannun John Onaiyekan. 'Yan Angalikan kuma suka naɗa Peter Akinola bishof na farko na Abuja a 1989. A watan Oktoba na 2005 aka keɓe Babbar Majami'ar Ƙasa, wadda ta ke hangen Babban Masallacin Ƙasa. Cikin shekaru kaɗan ke nan, ikkilisiyar ƙauye ta zama ta babban birni.

Mene Ne Girma Cikin Ruhaniya?

Domin masu karatunmu waɗanda ba Kirista ba, ya kamata a yi bayani. A koyarwar Kirista, karɓar addini kamar haihuwa ce, watau mafari ne kawai. Manzo Bulus ya kwatanta sababbin masu bi da jarirai masu shan nono, waɗanda a ke sa ran wata rana za su iya cin abinci mai tauri. Alamun wannan girma kuwa ba a bakin mutum a ke duba su ba. A kan duba ko ya san Littafi da kansa, ko yana addu'a ba sai an tsare shi ba, ko yana riƙe amana, ko yana iya yafe wa wanda ya cuce shi, ko kuma ya kai ga koyar da wani. Wannan tarbiyya ita a ke kira almajiranci.

Tsofaffin ɗariƙu suna da hanyoyin da suka gada na yin wannan aiki. A ECWA da ikkilisiyoyin TEKAN, tarayyar da aka kafa a 1955, akwai ajin baftisma, da Makarantar Lahadi, da zumuntar matasa, da ƙungiyar mawaƙa, da 'yan Sabon Rai Don Kowa masu fita wa'azi tun shekarun 1960. Sama da duka akwai Zumuntar Mata, wadda kowa ya shaida ita ce ƙashin bayan majami'a. Su ne masu haddace ayoyi, su ne masu ziyarar marar lafiya da mai jego, su ne na farko a gidan makoki. A Katolika kuwa babba mai neman shiga addini ya kan yi watanni a hannun katakis, sa'an nan a yi masa baftisma, galibi a daren Ista. Sababbin majami'u na Fentikos su ma sun ga cewa fasto ɗaya ba zai iya kiwon dubban mutane ba, saboda haka suka rarraba jama'arsu ƙungiya-ƙungiya, suna taruwa a gidaje da yamma.

Matsalolin Birni

Sai dai zaman Abuja ya zo wa waɗannan hanyoyi da cikas iri uku. Na ɗaya shi ne nisa. Yawancin ma'aikata ba su iya biyan kuɗin haya a tsakiyar birni, suna kwana a Kubwa, ko Lugbe, ko Karu, ko Mararaba. Mutumin da ya bar gida da asuba, bai komo ba sai bayan duhu ya yi, yaya zai halarci nazarin Littafi na tsakiyar mako? Sai ya zama abincinsa na ruhu duka wa'azin Lahadi ne kawai.

Na biyu shi ne rashin zama wuri guda. Abuja garin baƙi ne. Yau an yi wa wannan canjin wurin aiki, gobe an rushe unguwar wancan. Har ila yau majami'u sun yi yawa, ta yadda in dattawa suka tsawata wa mutum a nan, sai ya ɗauki littafinsa ya koma can inda ba a san shi ba. Horon da ya ke gyara mai bi a ƙauye ba shi da ƙarfi a inda kowa baƙo ne. Ga kuma batun harshe: majami'u da yawa na 'yan Arewa suna yin sujada biyu, ta Hausa da ta Turanci, iyaye a wannan, 'ya'ya a waccan, har tarbiyyar da ta kamata ta gangaro daga babba zuwa yaro ta kan tsinke a tsakani.

Na uku shi ne irin wa'azin da ya mai da samun dukiya ma'aunin bangaskiya. A garin da a ke rabon kwangila da muƙami, wannan wa'azi yana da daɗin ji. Amma wanda aka koya masa cewa baiko jari ne mai kawo riba, me zai riƙe ranar da aka sallame shi daga aiki?

Tun kafin a aza harsashin Abuja wani malami ɗan Arewa ya hango wannan haɗari. Shi ne Dokta Byang Kato, mutumin Kwoi, wanda aka haifa a 1936, ya riƙe babban sakataren ECWA, sa'an nan a 1973 ya zama ɗan Afirka na farko da ya riƙe babban sakataren ƙungiyar masu bishara ta Afirka. Babban gargaɗinsa shi ne ikkilisiyar Afirka tana yaɗuwa da sauri alhali iliminta na tauhidi bai taka kara ya karya ba, kuma in ba a horar da malamai ba, kowace iska za ta kwashe ta. Ya rasu a teku kusa da Mombasa ta ƙasar Kenya a watan Disamba na 1975. Makarantar horar da limaman Katolika ta Saint Paul a Gwagwalada, da Jami'ar Veritas a Bwari, da Jami'ar Bingham ta ECWA a Karu, duk suna cikin ƙoƙarin da ɗariƙu suka yi na toshe irin wannan ɓaraka.

Ranakun Gwaji

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ran Kirsimeti na 2011 bom ya tashi a majami'ar Katolika ta Saint Theresa da ke Madalla, a bakin iyakar Abuja, ya hallaka mutane fiye da 35. A ranar hankali ya tashi ƙwarai, ana tsoron ramuwar gayya. Babban Bishof Onaiyekan yana cikin waɗanda suka tsaya kai da fata a kan cewa kada a ɗora laifin 'yan ta'adda a kan maƙwabta Musulmi, Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar shi ma ya fito ya yi tir da harin. Mai bin da ya binne ɗansa bai ɗauki adda ba, ya nuna girman da ba a auna shi da faɗin gini.

Daga 2014 kuma, da rikicin Boko Haram ya tarwatsa mutanen Gwoza da kewaye, wasu suka yada zango a Durumi da Kuchingoro. Nan majami'un birni suka gamu da tambayar ko zumuncinsu ya wuce ƙofar ɗakin sujada.

Sa'an nan ga annobar korona. Ran 30 ga Maris, 2020 aka rufe Abuja, aka yi bikin Ista na wannan shekara a gida. Maigidan da ya saba buɗe Littafi da iyalinsa bai rasa abin yi ba. Wanda kuwa duk addininsa ya rataya a wuyan fasto, sai ya tsinci kansa kamar maraya.

Ran 21 ga Disamba, 2024, mutum 10 suka mutu a turmutsitsi wajen rabon abinci a majami'ar Holy Trinity da ke Maitama, unguwar masu hannu da shuni. Masu rabon alheri suka nufa, amma abin ya tona irin yunwar da ke kewaye da birnin, ya kuma nuna cewa taimakon mabukata aiki ne na kullum mai bukatar tsari, wanda ya fi ƙarfin rabon shinkafa sau ɗaya a shekara.

Abin Da Ya Rage

To, ashe aikin da ke gaban shugabannin majami'u ba ƙaramin aiki ba ne. Ya kamata a kai nazarin Littafi unguwannin da mutane su ke kwana, a horar da dattawa da shugabannin mata domin su iya koyarwa, a kuma bayyana wa jama'a yadda a ke kashe baikonsu. Iyaye su tuna icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, malamin Makarantar Lahadi kuwa sa'a guda kawai ya ke da yaro a mako.

Mu kuma sauran jama'a, Musulmi da Kirista, muna da hanyar sanin ko aikin ya yi kyau. Ranar da takardar fanshon tsoho ta wuce tebur ba a nemi na goro ba, ranar da mai awo a kasuwar Wuse ya cika mudu, ranar nan ce za a ce wa'azin Lahadi da huɗubar Juma'a sun isa inda aka aike su. Allah ya nuna mana.