Hular Kwano da Amanar Ƙwaƙwalwa

Duk wanda ya tsaya a bakin titin Maiduguri, daidai Hotoro a Kano, tsakanin idar da sallar asuba da hudowar rana, sa'ad da tankokin mai ke jere kusa da defo, leburori da masu gadi da makanikai kuma suna kwarara bisa babura, waɗansu sun nufi Bompai, waɗansu sun ɗauki doguwar hanya zuwa Sharaɗa da Challawa, zai ga huluna iri-iri, daga zanna-bukar har hular sanyi, amma da ƙyar zai ga hular kwano. Wanda ya ɗan yi tunanin kansa kuwa, sau da yawa hular robar nan mai ruwan ɗorawa da aka ba shi a masana'anta ya ɗora, ba ko igiya a haɓa, yana zaton ya tsira. Alhali an ƙera ta ne domin ƙarfe ko bulo da zai faɗo daga sama, kuma tun kafin kansa ya kai ƙasa ta riga ta yi nata wuri.

Asalin kuskuren shi ne mutane suna tsammanin fashewar ƙoƙon kai ce kaɗai abin tsoro. Ƙwaƙwalwa, wadda nauyinta bai cika kilo ɗaya da rabi ba, Ubangiji Ya halicce ta da laushi kamar kindirmon da ya kwana a ƙwarya, Ya kuma sanya ta tana iyo cikin wani ruwa da ke kāre ta daga girgizar yau da kullum. To, idan kai ya bugi kwalta, ƙashi yakan tsaya cak, ita kuwa ƙwaƙwalwa ta ci gaba da tafiya har ta gwabru da bangon ƙashin ta ciki, sa'an nan ta koma ta bugi ɗaya gefen. Ba sai ana sheƙa gudu ba. Kan mahayi yana da tazarar kamar mita ɗaya da rabi daga ƙasa, kuma faɗowa daga wannan tazara kaɗai takan sa ya isa kwalta da saurin kusan kilomita 20 a awa, ko da babur ɗin yana tsaye.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ɓoyuwa, wanda wani masanin kimiyya na Jami'ar Okasfod mai suna Holbourn ya bayyana a 1943. Galibi kai ba ya sauka a miƙe, a karkace yake gogar ƙasa, sai ya juya farat ɗaya, ƙwaƙwalwa kuma ta murɗe a cikinsa, siraran jijiyoyin da ke kai saƙo tsakanin sassanta su miƙe har su tsinke. Irin wannan ne ake kai shi asibiti babu jini babu karaya, amma ya yi makonni bai farfaɗo ba, ko ya farfaɗo ya zama wani mutum dabam, mai mantuwa da saurin fushi, wanda ba zai iya komawa bakin injinsa ba. A wani lokacin kuma jijiyar jini ce da ke gefen kai, tsakanin ido da kunne, take yankewa, mutum ya tashi ya kakkaɓe rigarsa, ya ce da jama'a alhamdu lillahi ba komai, jini yana taruwa a hankali, bayan 'yan sa'o'i ya fara amai da gyangyaɗi. Wanda ya ga haka ga ɗan'uwansa kada ya tsaya neman mai ɗori, ya garzaya da shi Asibitin Murtala ko Asibitin Malam.

Ilmin kāre kai daga wannan musiba ya bunƙasa ne bayan mutuwar wani Bature, T. E. Lawrence, wanda ya yi suna a yaƙin ƙasashen Larabawa, ya kuma faɗi a babur a Ingila cikin Mayun 1935. Cikin likitocin da suka duba shi akwai Hugh Cairns, wanda abin ya tsaya masa a rai, har ya bi diddigin mace-macen sojoji masu kai saƙo a babur, ya buga bincikensa a 1941, rundunar sojan Ingila kuma ta wajabta hular a wannan shekara. Bayan shekaru masu yawa, da masana suka tattara binciken ƙasashe dabam-dabam, sun samu hular kwano tana rage haɗarin mutuwa da wajen kashi 42 cikin ɗari, na raunin kai kuma da wajen kashi 69.

Sirrin hular yana cikin farin soson nan mai tauri da ke ƙarƙashin ɓawonta, ɗan'uwan wanda ake naɗe talabijin da shi a kwali, mai kaurin kamar yatsu biyu. Ɓawon waje aikinsa ya baza ƙarfin bugu ya kuma hana abu mai tsini shiga, shi kuwa soson sai ya murƙushe, kuma cikin murƙushewar tasa yake ƙara wa kai ɗan lokacin tsayawa, wanda bai kai ƙiftawar ido ba, amma ya isa ya rage ƙarfin da zai kai ga ƙwaƙwalwa ninki-ba-ninki. Soson da ya murƙushe ba ya komawa yadda yake, saboda haka hular da ta taɓa shan bugu ta gama aikinta ko da fentinta yana ƙyalli, kuma wannan ne ya sa nake jin tsoron hulunan gwanjo. Domin maganin murɗewa kuma, wani likita da wani injiniya a Suwidin sun ƙirƙiro shimfiɗa mai santsi da ake kira MIPS, wadda ke barin hular ta ɗan zame a kan kai kamar santimita ɗaya, kuma ƙa'idar gwaji ta Turai ta yanzu ta haɗa da bugun karkace.

Mu dai a nan mun taɓa gwadawa. Ranar 1 ga Janairun 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sanya hular, sai kuɗinta ya tashi, 'yan acaɓa suka fito da ƙwarya da bokitin fenti a ka, fasinjoji suka riƙa kukan zafi da ƙwarƙwata, har jita-jitar asiri ta bazu. Da Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso ya hana ɗaukar fasinja a babur cikin Janairun 2013, Adaidaita Sahu ta maye gurbi, sai zancen ya kwanta, alhali masu baburan kansu suna nan fululu. A ganina an fara da sanda kafin bayani, shi ya sa doka ta zama wasa.

Masu cewa abin da Allah Ya ƙaddara ba makawa sun faɗi gaskiya, sai dai sun tsaya a rabin karatu, domin tawakkali bai taɓa kore riƙo da sababi ba. Malaman usulu, tun daga Imamu Gazali har Shaɗibi, sun lissafa kiyaye rai da kiyaye hankali cikin larurori biyar da shari'a ta zo dominsu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanya kwalkwali ranar Uhudu, har aka fasa shi a kansa mai daraja. Tarihin Kano ma ya nuna Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki wajen 1390 zuwa 1410, shi ya shigo da lifidi da sulke da kwalkwali, kuma har yau muna ganin 'yan lifida a hawan salla ba wanda ya kira su matsorata.

Abin da ya rage shi ne hula ta gaske, daidai kai, mai rufe gefen kunne da ƙeya, da igiya ɗaure yadda yatsu biyu kaɗai za su shiga ƙarƙashin haɓa. Kuɗinta ya fi ƙarfin lebura a biya guda, amma masu masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa, waɗanda suka riga suka saba raba takalmi da safar hannu, suna iya sayowa a sari daga inda Hukumar SON mai kula da ingancin kaya ta tantance, su riƙa cirewa kaɗan-kaɗan daga albashi.